In an tura ka wajen sikolog: abin da za ka tarar da yadda za ka ci moriyar zuwan

A Damagaram, in mutum ya je asibiti ya dawo ba allura, ba ƙarin ruwa, ba ko ordonansi, wato takardar sayen magani, a hannu, gani yake ya yi asarar kuɗin kabu-kabu. Na daɗe ina aikin jinya a ƙananan asibitocin jihar nan, kuma cikin waɗanda na tura wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa irin su sikolog, mai jinya ta hanyar tattaunawa, da yawa sun je sau ɗaya ba su koma ba. In na tambaye su dalili, amsar kusan iri ɗaya ce: "Inna, ai ba a yi mini komai ba, zance kawai muka yi." Zancen nan shi ne jinyar. Yana da tsari, yana da adadin zama, yana da aikin da ake ba ka ka tafi da shi gida, kuma wanda ya san haka tun kafin ya shiga ɗakin ya fi kowa cin moriyarsa. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na saba gaya wa mutane baki da baki.

Da wuya wani ya zo ya ce mini yana da ciwon damuwa. Abin da ake cewa shi ne tsakar kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa har ina ji a kunne, wani abu na yawo a jikina, barci ya ƙaurace mini, tunani ya yi mini yawa. Dole ne a fara da duba jiki: zazzaɓin sauro, hawan jini, sukari, ƙarancin jini, har da maƙoƙo, don wasu daga cikinsu na kawo bugun zuciya da kasala. In an duba an rasa, ko an yi maganin abin da aka gani amma halin bai sake ba, kada ka ci gaba da yawo daga wannan farmasi zuwa wancan. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi shi ne mako 2: in mutum ya kai mako 2 kusan kullum zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so da ya fita masa a rai, ci da barci sun rikice, aiki ya gagare shi, to lokacin neman taimako ya yi. Haka mai jegon da ta wuce makonni biyun farko har yanzu kuka take, ba ta jin ɗokin jaririnta, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. Haka wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya, ko ya taso daga yankin Diffa, ko ya tsira daga hatsarin mota, yana mafarkin abin dare da dare, ƙarar ƙofa ma na firgita shi. Haka saurayin da tramol ya kama, yana so ya bari ya kasa. Haka yaron da ya daina magana ko ya koma fitsarin kwance bayan wani abu ya same shi.

Akwai kuma halin da ba a jiran ranar randebu. Mutum ya fara zancen kashe kansa ko yana rabar da kayansa yana sallama da mutane. Mai jego ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, tana magana ba kan gado. Mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya ƙi ci ya ƙi sha. Ko ruɗewa ta zo farat ɗaya tare da zafin jiki ko sanƙarewar wuya, wanda zai iya zama zazzaɓin da ya hau kai ko sanƙarau. Duk waɗannan, sashen gaggawa za a nufa a ranar. Kafin a tashi, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya, igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai. In kana zargin ɗan'uwanka na tunanin mutuwa, tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya. Tambayar ba ta dasa masa tunanin a zuciya. Sau da yawa ita ce ke buɗe masa baki.

Su wa za ka tarar, da abin da za ka riƙa

Mutane na haɗa ma'aikatan sashen lafiyar ƙwaƙwalwa su kira kowa lokotoro, amma aikinsu ya bambanta, kuma sanin bambancin na rage ɓacin rai. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙara karatu a fannin, shi ke gano cuta ya rubuta magani. Sikolog karatun halayyar ɗan Adam ya yi a jami'a, aikinsa auna hali da jinya ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ordonansi. Sai ma'aikatan jinya da suka yi karatu na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda a ƙasarmu su ke ɗauke da mafi yawan nauyin, don likitocin fannin kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma ofishin taimakon marasa ƙarfi, sabis sosiyal, wanda ya kamata ka nema in kuɗi ne matsalar.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku ko ƙauyenku, ko asibitin gunduma, ka gaya wa majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, halin da kake ciki ba ɓoye-ɓoye. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka da fara kula da su, saboda haka wani lokaci taimakon na farawa tun daga nan. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ka takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder, inda sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa yake. Na san sunan sashen kaɗai na tsorata mutane. A layin za ka ga mai farfaɗiya, ka ga wanda ciwonsa ya yi tsanani dangi na riƙe da shi, ka ga malamin lakwal da rashin barci ya kawo, ka ga ɗalibar jami'ar André Salifou da fargabar jarrabawa ta hana ta numfashi. Zama kusa da su ba ya sa maka komai, kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa.

Ka riƙo karnenka, wato ɗan littafinka na asibiti, takardar turawa, sakamakon duk gwajin da aka taɓa yi maka, da kwalin kowane magani da kake sha. Na ce kowane: na farmasi, na mai talla a kan tire, garin da aka ba ka a ƙunshi, jiƙon da kake sha da safe. Ba wanda zai yi maka faɗa, amma sai an san abin da ke cikin jikinka kafin a ƙara wani. Ka karya kumallo, ka yi sammako, ka biya kuɗi a wurin biya kawai ka karɓi rasiɗi. In daga Tanut, Gure, Magarya ko Matamaye kake zuwa, ka faɗa tun ranar farko, ka tambayi ranakun da mai tattaunawar ke zama, ka nemi lambar da za ka kira kafin ka hau mota.

Batun ɗan rakiya na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ka zo da wanda ka amince da shi, wanda ya ga yadda ka canza, don zai tuna abin da kai ka manta. Amma ka nemi a ba ka lokaci kai kaɗai, ko da minti goma ne. Na sha ganin matar aure ta zo da uwar mijinta, duk tambayar da aka yi tsohuwa ce ke amsawa, ita kuma kanta na sunkuye, alhali abin da ke cin ta a cikin gidan yake. Ɗiyata, in ke ce wannan, kina da damar cewa, "Ina so in yi magana ni kaɗai." Ma'aikacin da ya san aikinsa shi da kansa zai ce, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri." In kuma zama da namiji ke kaɗai zai takura ki, ki nemi ma'aikaciya mace ta zauna tare da ku. Wanda Faransanci bai zauna masa ba ya ce a yi da Hausa. Wanda Barbarci, Fulatanci ko Buzanci ne harshen zuciyarsa ya zo da babba mai riƙe sirri ya yi masa tafinta. Kada a sa ƙaramin yaro ya fassara baƙin cikin uwarsa.

Zaman farko

Yakan ɗauki kusan awa ɗaya, kuma yawancinsa tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara? Me ya faru a watannin da suka gabace shi? Ƙarfe nawa kake kwanciya, ƙarfe nawa kake farkawa, in ka farka me ke zuwa maka a rai? Ka rame? Akwai bashi, rasuwa, saki, kishiya, rashin haihuwa, kora daga aiki? A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan? Kana shan wani abu? Za a iya tambayar ka game da kwanciyar aure, da ko wani ya taɓa dukanka ko cin zarafinka, da ko ka taɓa jin gara mutuwa. Kowa ake yi wa waɗannan tambayoyin, ba wai an ga wani abu a fuskarka ba ne. Wani lokaci za a karanto maka jerin tambayoyi ka faɗi kwana nawa cikin mako 2 ka ji kaza, a ba amsoshin maki. Ba jarrabawa ba ce. Da makin nan za a gwada bayan wata guda a ga ko an samu sauƙi.

Mun taso da kunya da kara, an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka ba na sa ran kowa ya zazzage komai ranar farko, kuma ba a buƙatar haka. Kana iya cewa, "Akwai wani abu, amma ban shirya faɗarsa ba yau." Wannan ma bayani ne mai amfani. Abin da ba na so shi ne ƙarya a kan abubuwa biyu: abin da kake sha, da tunanin kashe kai. A kansu ake gina shawarar da za ta iya tsare rai.

Abin da ka faɗa sirri ne, dokar aikin lafiya ta ɗaure ma'aikaci a kan haka. Ba zai kai wa mijinki ba, ba zai kai wa shugabanka a wurin aiki ba. Iyakarsa ita ce in rayuwarka ko ta wani na cikin hatsari, ko ana cutar da yaro. Ka tambaya tun farko wa ke iya buɗe dosiyenka. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, in ka tarar ma'aikacin maƙwabcinku ne ko surukin wani naka, ba laifi ka nemi a haɗa ka da wani.

Kafin ka tashi, kada kunya ta hana ka tambayar abin da suke ganin yana damunka, cikin kalmomin da za ka iya maimaita wa matarka. Ka tambayi zama nawa ake sa ran yi, kwana nawa tsakani, me za ka yi a gida kafin na gaba, da inda za ka nufa in abin ya tsananta cikin dare.

Abin da ake yi a zaman da ke biyo baya

Nan ne mutane suka fi rashin sani, don haka zan daɗe a nan. Tattaunawar jinya ta bambanta da nasiha. Sikolog ba zai ce miki ki zauna da mijinki ko ki fita ba, ba zai ce maka ka sayar da gona ka biya bashi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikinsa ya taimake ka ka ga yadda tunaninka, jikinka da abin da kake aikatawa ke jan juna, sannan ku sami inda za ku kama ku fara warwarewa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya tsara a shekarun 1960. Bari in kwatanta da irin mutumin da kowa ya sani. Ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, jarinsa ya karye. Ya fara cewa a ransa kowa dariya yake yi masa. Sai ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama a fada da abokansa, ya koma yin salla a ɗaki. Da ya daina fita, ba wanda ke gaishe shi, sai ya ce ai ga shi nan, an guje ni. Barcin rana ya hana shi na dare, daren kuma ya zama na saƙa da warwara. A zaman, za a tambaye shi: wa ka ji ya yi dariyar? Me ya ce? Lokacin da jarin wani abokinka ya karye, kai dariya ka yi masa? Ba don a ƙaryata shi ake tambayar ba. So ake ya koyi tsayar da tunanin ya bincike shi, maimakon ya haɗiye shi ɗanye. Sannan a ba shi aiki ƙarami wanda ba zai gagare shi ba: makon nan ka yi Magariba a masallacin unguwa sau uku, ka lura da wanda ya miƙo maka hannu. Mako mai zuwa ka zauna a fada tsawon shayi ɗaya. Mai ciwon damuwa yana jiran ya ji daɗi kafin ya motsa, amma a wannan ciwon motsin ne ke zuwa da fari, jin daɗin ya biyo baya a hankali.

Aikin gidan nan shi ne rabin jinyar. Awa ɗaya kake yi a ɗakin, sauran makon kuma a gida kake yin sa. Za a iya ce maka ka rinƙa rubuta lokacin da abin ya taso maka, me ya faru, me ka ce a ranka, me ka ji a jiki. Rashin boko ba hujja ba ce. Ka rubuta da ajami, ko ka ɗauki muryarka a waya, ko ka ajiye gwangwani biyu kana jefa ƙwallon dabino a ɗaya ranar da ka yi barci, a ɗayan ranar da ba ka yi ba. In ba ka yi aikin ba, ka je zaman duk da haka ka faɗi gaskiya. Abin da ya hana ka yi shi ne abin da za a tattauna ranar.

Mai firgita, wanda zuciya ke buga masa har ya ɗauka mutuwa ce ta zo, za a koya masa numfashi a hankali daga ciki, ya ja yana ƙirga uku ya saki yana ƙirga uku, kuma a fahimtar da shi cewa abin na hawa ya kai ƙololuwa cikin ƴan mintoci sannan ya sauka da kansa. Ana koyon numfashin ne lokacin da hankali ke kwance, safe da yamma, don ya zo da sauƙi lokacin buƙata. Matar da ta faɗi a kan kabu-kabu har ta daina fita, ba za a ce ta hau gobe ba. Za ta fara tsayawa a ƙofar gida tana kallon masu wucewa har bugun zuciyar ya lafa, wani makon ta zauna a kan babur a tsaye, wani makon ƙanenta ya zaga da ita layi ɗaya. Gudun abin tsoro na kawo sauƙi na ɗan lokaci amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi, shi ya sa ake tunkararsa mataki-mataki. Wanda ya ga tashin hankali a hanyar Sahara ko a garinsu ma haka ne: ba a tilasta masa ba da labari ranar farko, sai ya sami abin da zai kwantar da kansa da shi, sannan a bi labarin da saurin da zai iya ɗauka.

Akwai wata hanyar da nake ganin ta dace da rayuwarmu ƙwarai, wadda ke duba dangantakar mutum da mutanensa. Tana neman tushen damuwar a wurare huɗu: rasuwa, saɓani da wani na kusa, sauyin matsayi kamar aure ko saki ko ritaya ko zuwan amarya, da kaɗaici. An gwada ta rukuni-rukuni a ƙauyukan Uganda, sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna ta rage ciwon damuwa sosai ba tare da ƙwaya ba. A Zimbabwe kuma, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare, zama 6 ga kowane mutum, binciken 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Ina kawo waɗannan ne don masu cewa abin na Turawa ne. Mutane ne masu talauci irin namu, masu dangi irin namu, kuma ya yi musu aiki.

Game da tsawon lokaci, akwai gajeren tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya mai zama 5, mako-mako. Gyaran tunani da ɗabi'a yakan kai daga zama 6 zuwa 20, gwargwadon nauyin abin. Ka sani kuma, a makonnin farko wasu kan ji abin ya ƙara nauyi, don an taɓo inda aka daɗe ana rufewa. Ka faɗa a zama na gaba, kada ka ɗauke ƙafa a kan haka.

In an haɗa maka da ƙwaya

Wani tattaunawa kaɗai ta ishe shi, wani sai an haɗa da magani, musamman in ciwon ya yi tsanani. Magungunan damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa aiki kamar maganin ciwon kai. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ji bambanci, alhali illolinsu na iya fitowa tun kwanakin farko. Amitriptyline na sa barci da bushewar baki, shi ya sa ake shan sa da dare. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha na watanni, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali. Kada ka yanke shi rana ɗaya don ka ji garau. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin a rubuta. In azumi ya gabato, ka tambaya tun cikin Sha'aban yadda za a gyara lokutan sha. Kuma don Allah ka nisanci ƙwayoyin barci na masu talla, irin su diyazefam. Suna sa barci yau, amma cikin ƴan makonni jiki ya saba da su, barinsu ya zama wani ciwon na daban.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko zuwa asibiti na nufin a bar addu'a da rubutu. Ni Musulma ce, kuma ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ba. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce masa mai raunin imani. Tun 1954 likita Thomas Lambo a Aro, can Abeokuta, ya nuna cewa jinya ta fi kyau in an jawo dangi da masu maganin gargajiya a jiki maimakon a kore su. Ka ci gaba da zuwa wajen malaminka, ka gaya wa sikolog kana zuwa. Inda nake ja layi shi ne duka, ɗauri da mari, hana abinci, turara hayaƙi har mutum ya shiɗe, da duk wanda zai ce a zubar da maganin asibiti. Wanda ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan, a tashi a bar wurinsa.

Ku kuma dangi, kalmar haƙuri tana da kyau, amma in ita kaɗai ake maimaita wa mai ciwo, ji yake an rufe masa ƙofa. Kada a ce masa rashin godiya ne, wane ma da ya fi shi shiga uku yana nan yana dariya. Kada a tare shi a ƙofa da "me ka gaya musu?" Abin da ke taimako ƙanana ne: a tuna masa ranar randebu, a riƙe mata yara ta je ta dawo, a ce "Yaya, taso ka raka ni masallaci" maimakon "kai kullum kana kwance". Miji ya karɓi jariri na ɗan lokaci da dare mai jego ta samu barci. In an gayyaci mai gida ko uwa zuwa zama ɗaya, a je. Ba shari'a aka kira ku ba.

Ka kuma san haƙƙinka. Ma'aikacin kirki ba ya neman ku haɗu a wani wuri da ba na aiki ba, ba ya neman kuɗi a bayan rasiɗi, ba ya taɓa jikinka ba dalili, ba ya wulaƙanta addininka ko yi maka tsawa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ka sanar da majo ko shugaban sashen. In kuma ba wani laifi amma jininku bai haɗu ba, ko an yi zama huɗu ko biyar ba ka ga ko ɗan motsi ba, ka faɗa masa a fili. Sau da yawa sauya hanya ake yi, wani lokaci a sauya mutum, wani lokaci a koma wajen likita a sake duba ko akwai abin da ya ɓuya.

Sauƙi ba ya zuwa da shela. Yawanci na gida ne ke fara lura: ta yi kitso, ya tambayi kuɗin buhun hatsi a kasuwa, yaron ya koma wasa da ƴan'uwansa. Za a yi makon da abin zai dawo, musamman lokacin zagayowar rasuwa, ko ƙarshen rani da rumbu ya yi ƙasa, ko gab da salla da hidima ta taru. In an kusa gamawa, akan buɗe tazara tsakanin zama, daga mako-mako zuwa bayan mako biyu, zuwa wata-wata. In kai manomi ne, ka yi maganar damina tun da wuri a tsara ranakun yadda ba za su ci karo da shuka da noman fari ba. A zaman ƙarshe ku fitar da alamomi biyu ko uku da kan fara bayyana a gare ka kafin ciwon ya kankama, misali farkawa ƙarfe uku na dare kwana da kwanaki, ko ƙin ɗaga waya. Ku rubuta abin da za ka yi in ka gan su, da wanda za ka fara gaya wa. Ka ba mutum ɗaya a gidanku kwafin takardar, ka ajiye taka a cikin karne, kuma ka tambaya ko za ka iya dawowa kai tsaye in buƙata ta taso ko sai ka sake karɓo takardar turawa daga CSI.